Abin da Ke Raba Hikima da Wayo

A shekarar 1909 wani Bajamushe masanin sinadarai, Fritz Haber, ya gano yadda za a kamo naitirojin da ke cikin iskar da muke shaƙa a haɗa shi da haidurojin a sami amoniya, uwar takin zamani. Carl Bosch ya fitar da abin daga ɗakin gwaji ya mai da shi masana'anta a 1913. Masu ƙiyasi na cewa kusan rabin mutanen da ke raye a duniya yau, abincin da ke riƙe da su da wannan taki aka noma shi. Da a nan labarin Haber ya tsaya, da sai a ce samun mai alheri kamarsa sai an tona.

Ranar 22 ga Afrilu, 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Jamus suka buɗe dubban tukwanen iskar kulorin a kusa da garin Ypres na ƙasar Beljiyam, iska ta kwashi gubar ta zuba ta cikin ramukan abokan gaba. Haber ne ya tsara aikin, a gaban idonsa kuma aka yi shi. Kwana goma bayan haka matarsa Clara Immerwahr, ita ma dakta ce a ilimin sinadarai, ta harbe kanta a gidansu da ke Balin. Shi kuwa ya wuce fagen daga na gabas ya ci gaba da aikinsa. Da yaƙi ya ƙare aka ba shi kyautar Nobel ta shekarar 1918 saboda takin.

Kan da ya ciyar da duniya shi ne ya shaƙe samari a cikin rami, kuma tsakanin 1909 da 1915 ba abin da ya ragu a iliminsa, sai ma ƙaruwa. Wannan kaɗai ya isa ya girgiza wata fahimta da yawancinmu muke ɗauke da ita ba tare da mun taɓa zama mun tuhume ta ba: cewa ilimi da hikima da kirki tamkar matakalar tsani ne, ka taka na farko ya miƙa ka na biyu, na biyu ya miƙa ka na uku. Saboda wannan fahimta ce muke kama baki idan mai digiri ya yi aikin assha, mu ce "duk da karatunsa?" Sai ka ce karatun ya taɓa yi mana alkawarin gyara hali.

Fahimtar tana da asali mai nauyi. Sokiratis na ƙasar Girka yana ganin babu mai aikata mugunta da saninsa. Duk wanda ya yi ɓarna, a wajensa, jahilci ne ya ja shi, da ya san alheri sani na haƙiƙa da ya yi shi. Aristotil, almajirin almajirinsa, bai gamsu ba. Ya ce abin da ido ke gani kullum ya saɓa wa wannan, domin mutum yakan san daidai sarai, son rai ya rinjaye shi ya yi akasinsa. Tarihi ya fi goyon bayan Aristotil. A taron da aka yi a Wannsee, gefen birnin Balin, ranar 20 ga Janairu, 1942, inda manyan jami'an gwamnatin Hitila 15 suka tsara yadda za a ƙarar da Yahudawan Turai, takwas daga cikinsu masu digirin dakta ne. A Tuskegee ta jihar Alabama, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta shafe shekara 40, daga 1932 zuwa 1972, tana bibiyar baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere don ta ga yadda cutar ke cin jiki idan ba a yi magani ba. An samu fenisilin, ya zama maganin cutar tun wajen 1947, aka ci gaba da hana su. Abin da ya fi ɗaure kai, ba a ɓoye ake yi ba: ana buga sakamakon a mujallun likitoci, likitoci na karantawa.

Addini ma bai taɓa ɗaukar sani a matsayin lamunin nagarta ba. Alƙur'ani, a Suratul Jumu'a, ya kwatanta waɗanda aka ɗora wa littafi suka ƙi aiki da shi da jaki mai ɗauke da littattafai. Cikin addu'o'in Annabi (SAW) akwai neman tsari daga ilimin da ba ya amfani, kuma ba a neman tsari daga abin da babu shi. A Baibul kuma, a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, Bulus ya ce sani yakan kumbura mutum, ƙauna ce take ginawa. Iblis kansa ai ba rashin sanin Ubangijinsa ne ya kai shi inda ya kai ba.

Ko sanin mene ne kirki shi kansa ba ya wadatarwa. A 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, John Darley da Daniel Batson, suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban makarantar horar da limaman coci ta Princeton a Amurka. Aka ce wa kowane ɗalibi ya je wani gini ya yi ɗan jawabi, wasu ma a kan misalin Basamariyen nan na cikin Baibul da ya taimaki wanda 'yan fashi suka yasar a hanya. A kan hanyar tasu aka ajiye wani mutum a durƙushe yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce musu akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 sun tsaya. Cikin waɗanda aka ce musu sun makara, kashi 10 kacal. Batun jawabin bai kawo wani bambanci na a zo a gani ba. Ɗalibai 40 ne kawai, don haka kada a gina bene a kan gwajin. Amma wanda duk ya taɓa tsallake mabuƙaci yana sauri zuwa wajen wa'azin taimakon mabuƙata ya san inda labarin ya sosa.

A nan ne malalaci ke gyara zama, ya ce ai dama ya faɗa, karatu ba komai ba ne, zuciya ce komai. To, ya dakata, domin ɗaya gefen ma yana da gawarwakinsa.

A shekarun 1970 yaran Bangaladesh na mutuwa da yawa saboda shan ruwan tafkuna da koguna mai ɗauke da kwalara da gudawa. Gwamnati da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka duƙufa wajen haƙa rijiyoyin burtsatse, jama'a su ma suka haƙa nasu har suka kai miliyoyi. Niyya ba ta da aibi ko kaɗan, ruwan kuma garau yake a ido, babu ƙwayoyin cuta. Abin da ba a gwada ba shi ne gubar asinik da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar yankin tun fil azal, ba ta da launi ba ta da ɗanɗano. Sai a 1993 aka tabbatar da ita a rijiyoyin. Wani rahoto da mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2000 ya ƙiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari, ya kira abin shayar da guba mafi girma da aka taɓa yi wa wata al'umma a tarihi. Daga baya aka bi rijiyoyin da fenti, ja ga mai guba, kore ga mai lafiya. Garin neman gira aka taɓa ido.

Irin wannan yana faruwa kullum a ƙaramin ma'auni. Mai tausayin da ya ciccibi wanda mota ta buge ba tare da ya kula da wuyansa ba, yana iya mai da karaya ta zama shanyewar jiki. Wanda ya ɗura wa sumamme ruwa a baki yana iya shaƙe shi. Uwar da ta hana ɗanta mai gudawa ruwa don kada gudawar ta ƙaru, ƙauna ce ta sa ta, ƙaunar ce kuma ke ƙarasa shi. A ganina, kirkin da ya sami damar koyo ya ƙi, ya ce niyyarsa ta wadatar, akwai son kai a cikinsa: mai shi ya fi damuwa da jin daɗin cewa ya taimaka fiye da ko taimakon ya isa inda aka aike shi. Wanda ya damu da mutum da gaske zai tambaya, zai koya, zai koma ya duba.

Sai hikima. Sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin ilimin da ya nuna, ko ilimin da shekaru suka dafa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Aristotil ya lura cewa yaro na iya zama gwanin lissafi, amma da wuya a ga yaro mai hikimar zaman duniya, domin ita tana buƙatar gogayya da al'amura ɗaya bayan ɗaya, gogayya kuwa sai da lokaci. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai dai shekaru ba sa bayar da ita kyauta. Da suna bayarwa, da harshe bai ƙirƙiri kalmar tsohon banza ba.

Harshen ne ma ya fi kowa warware zancen. Muna da wayo, muna da dabara, muna da hikima, kuma ba ma musanya su. Ɗan damfara ya san mutane ciki da bai. Ya san lokacin da zai yi magana da lokacin da zai yi shiru, ya san wanda kwaɗayi zai ja da wanda tsoro zai kora, ya san kalmar da za ta buɗe aljihu. Duk ma'anar da aka saba ba hikima, wato sanya kowane abu a muhallinsa da sanin lokacin da ya dace, yana da rabonsa a ciki. Amma ba wanda zai kira shi mai hikima. Mai wayo za a ce, ko maƙetaci. Kenan a cikin kalmar hikima akwai wani sharaɗi da ba ma furtawa, shi ne wa abin zai amfana. Cire wannan sharaɗi, abin da ya rage sunansa wayo. Baturen nan Anthony Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 kan ma'anar mutumin kirki a Hausa, ya jero siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Hikima na ciki. Yawan karatu ba ya ciki.

Labarin hukuncin Annabi Sulaiman ya zo a hadisin Bukhari da Muslim, ya kuma zo a Littafin Sarakuna na Ɗaya a Baibul, da ɗan bambancin bayani. Mata biyu suna jayayya a kan jariri ɗaya, babu shaida, babu alama. Sulaiman ya ce a kawo wuƙa ya raba yaron biyu. Ɗaya ta ce kada a yi, a bar wa abokiyar jayayyarta. Sai ya san ita ce uwar. Ba wani littafin shari'a da ya tanadi wannan hanya. Abin da Sulaiman ya dogara da shi sanin zuciyar uwa ne, cewa za ta yarda ta rasa ɗanta muddin zai rayu. Amma a lura da kyau: mai satar yara don kuɗin fansa shi ma wannan sanin yake da shi, a kansa ma ya gina sana'arsa. Sani ɗaya, dabara kusan iri ɗaya. Abin da ya sa aka kira na farko hikima, ana ba da labarinsa shekaru dubbai, shi ne yaron ya koma hannun uwarsa.

Zan ƙara gaba da wannan, duk da na san wani zai ja da ni. Kirki ba alƙibla kaɗai yake ba ilimi ba; yana ƙara masa gani. Hausawa sun ce ba ido ke gani ba, hankali ke gani, hankali kuwa inda zuciya ta damu nan yake sauka. Mai wayo yana kallon mutum ne yana neman mariƙi, inda zai kama ya juya shi, saboda haka duk abin da ba mariƙi ba ne ba ya shiga idonsa. Malamin da ya damu da ɗalibinsa shi ne zai lura cewa yaron da ake kira daƙiƙi ba ya hango allo ne. Likitocin Tuskegee ba su rasa ko ɗaya daga bayanan cutar ba, sun auna, sun rubuta, sun adana. Abu ɗaya ne ya kuɓuce musu tsawon shekara 40, cewa waɗanda ke kwance a gabansu mazajen wasu ne, iyayen wasu ne. Wannan ma sani ne, rashinsa kuma jahilci ne, ko da mai shi ya haddace kundin likitanci.

Akwai kuma wanda ya haɗa sani da tausayi, hikimar isar da su ta gagare shi. Ignaz Semmelweis likita ne ɗan Hangari da ke aiki a babban asibitin Biyana. Asibitin na da ɗakunan haihuwa biyu, ɗaya na likitoci da ɗalibansu, ɗaya na ungozoma, kuma mata sun fi mutuwa da zazzaɓin jego a na likitoci nesa ba kusa ba. Abin ya hana shi barci. A 1847 abokinsa Jakob Kolletschka ya yanke a hannu wajen binciken gawa, ya mutu da alamomi irin na matan. Nan Semmelweis ya gane cewa likitoci ne ke ɗauko ajalin a hannuwansu daga ɗakin gawa zuwa ɗakin haihuwa. Ya sa dokar wanke hannu da ruwan kulorin. Mace-macen da suka kai kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu suka faɗo zuwa wajen kashi 2 a watan Yuni.

Gaskiya ƙarara, da alƙaluma a hannu, amma manyan likitocin zamanin suka ƙi karɓa. Babban laifin nasu ne: karɓar maganar na nufin amsa cewa su ne suka kashe matan, girman kan masani kuwa ya fi na jahili taurin kai, don yana da hujjojin da zai kare kansa da su. Duk da haka Semmelweis bai taimaki gaskiyarsa ba. Ya ƙi rubuta bincikensa cikakke sai a 1861, shekara 14 bayan ganowar, sannan ya shiga aika wa manyan likitoci buɗaɗɗun wasiƙu yana kiransu masu kisan kai. Ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali yana da shekara 47, mata kuma suka ci gaba da mutuwa har sai da ilimin ƙwayoyin cuta ya kafu. Ina jin zafin da ya ji, ban kuma tabbata ni zan iya fin sa haƙuri ba. Sai dai mutumin da ka kira mai kisan kai a bainar jama'a, ka toshe masa ƙofar da zai bi ya dawo. Da aka aiki Annabi Musa da Haruna wajen Fir'auna, umarnin da aka ba su a Suratu Ɗaha shi ne su yi masa magana mai taushi. Fir'auna fa.

Kada a ɗauki wannan da cewa kirki shi ne lallashi ko rufe gaskiya. Likitan da ya ɓoye wa majinyaci cutarsa don kada ransa ya ɓaci, ya hana shi damar shirya gidansa da neman magani. Sau da yawa ma kansa yake tausayawa, yana gudun nauyin faɗar. Gaskiyar dole a faɗe ta. Aikin hikima shi ne a zaune ko a tsaye, a gaban wa, da wace kalma za a fara, nawa mutum zai iya ɗauka yau nawa za a bari sai gobe. Yanzu da sani ya koma cikin aljihun kowa, wannan fanni ne ya fi yin ƙaranci. Gyaran kuskure a intanet ya zama farauta: wanda ya yi tuntuɓe a magana, mutum ɗari za su taru a kansa, kowa da hujjarsa daidai, ba ko ɗaya da ke fatan ya tashi.

Wanda yake son ganin ukun, wato ilimi da hikima da kirki, sun haɗu a aiki ɗaya, ya sake komawa yankin Bangaladesh ɗin nan. Tun farkon shekarun 1960 masana suka gano cewa hanji na tsotsar gishiri tare da sukari, ruwa kuma ya bi su, ko da mutum na fama da kwalara. Ilimin yana nan a mujallu da asibitocin gwaji. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin ƙasar, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya yanke shawarar da ƙa'idar lokacin ba ta yarda da ita ba: ya haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan durom, ya miƙa wa 'yan uwan majinyata kofuna su riƙa ba su da kansu. Mace-macen da suke wajen kashi 30 cikin 100 suka dawo kashi 3.6.

Saura a kai shi gidajen da babu likita, babu ma'auni, uwar gidan kuma ba ta karatu. Ƙungiyar agaji ta BRAC a Bangaladesh, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972, ta mai da ma'aunin zuwa abin da kowace mace ke da shi, wato hannunta: gishiri gwargwadon abin da yatsu uku suka tsinta, mazarƙwaila cikin tafi ɗaya, ruwa rabin lita. Daga 1980 zuwa 1990 mata ma'aikata suka bi gida gida, suka zauna da iyaye mata a gidaje kimanin miliyan 12, ba su tashi sai uwar ta haɗa da hannunta sun gani. Da aka lura matan sun iya amma ba su cika amfani da shi ba, ba a ce musu jahilai ba, komawa aka yi aka tambaye su dalili, aka kuma tura maza su yi magana da mazajensu. Albashin ma'aikaciya ma ba a ɗora shi a kan yawan gidajen da ta shiga kaɗai ba. Bayan 'yan makonni wani mai duba aiki zai zo, ya zaɓi wasu daga cikin gidajen, ya yi wa uwar tambayoyi, ya ce ta haɗa ruwan a gabansa, ya ɗebi kaɗan a kwalba a kai ɗakin gwaji a auna gishirin.